Shekarar da Aka Kwashe Tafkin Dankure

A Tungar Dankure, wani ƙauyen masunta da ke gefen fadama kafin ka shiga Argungu, kowa ya san tafkin nan na gidan su Labbo ne, amma ba irin mallakar da mutum zai sayar ya sayi babur ba. Kakansa Dankure ne ya fara riƙe shi, kuma sharuɗɗan da ya bar wa zuriyarsa ba su da wuyar faɗa. Idan gulbi ya yi cikowa da damina ya zuba wa tafkin ruwa da kifi, mai riƙo zai sa doka, ba mai jefa ko ƙugiya. Idan bazara ta matso, sai ya kira su, wato ranar da gari duka zai faɗa ruwa da homa, ragar kamun kifi ta hannu, da gora, kowa ya kama rabonsa, a fitar wa mai riƙo nasa kason. Wuri ɗaya ne homa ba ta taɓawa, wani zuzzurfan rami daga gabas da ake kira gurbin iyaye, inda manyan kifaye ke gudu su lafe har damina ta dawo. Dokar kuwa a kan kifi kaɗai take. Ruwan kansa na kowa ne, mai akuya da mai wanki da mai bugun tubali, har Fulani masu wucewa da shanu.

Sharaɗi na ƙarshe ba a cika tuna shi ba, don ba a taɓa buƙatarsa ba. Tafkin da ya yi shekara biyu a jere bai ciyar da gari ba ya tashi daga ruwa ya koma ƙasa, ƙasa kuwa maigari ne ke raba ta.

Labbo ya haura hamsin, kuma in ka ɗauke masa son a kalle shi, da wuya ka samo masa wani aibi. Duk shekara ranar su yake jira, ba don kifin ba, don wannan ɗan lokacin da yake tsaye a bakin ruwa, ɗaruruwan mutane sun zuba wa hannunsa ido suna jiran ya ɗaga. Yakan ja lokacin da gangan. Matarsa Asiya ta san haka, takan ce da za a bar shi da sai ya kai mutane azahar hannun bai tashi ba.

Ta wannan ƙofa ɗan ƙanwarsa ya shigo masa. Mujtaba ɗan Hamida ne, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da shi yana goye, ta raine shi da kiwon awaki har ya yi karatu a Birnin Kebbi. Yana zaune a Gwadangaji yana ɗaukar bidiyon biki da suna, amma ransa na kan wani fim da ya daɗe yana ƙullawa, wanda ya sa wa suna Bayan Gulbi. Wata safiya bayan an gama girbin shinkafa ya iso a kan babur, ya durƙusa ya gaida kawunsa, ya zauna ya warware masa labarin.

"Labarin gaba na, Kawu, ba na yanzu ba. Gulbi ya mace, rijiyoyi sun ƙahe, ruwa dut ya koma hannun mutum guda. Mutane na bin layi da jarkoki, wanda ba shi da abin biya shi mutu bakin shinge."

"Subhanallahi," in ji Labbo. "Kai ko mi yak kai ka ƙirƙiro wagga masiha?"

Mujtaba ya ce don mutane su ji tsoro tun abin bai zo ba. Ya ce masu kuɗi da kwamfuta suke yin irin wannan, su busar da teku suna zaune a ɗaki, amma kuɗin aikin ya fi ƙarfin ƙauyen nan da awakinsa. Shi abin da yake buƙata wuri ne na gaske, laka ta tsattsage, kwale-kwale a kife, kifi a zube yana ruɓa. Ya zaga fadama ya ga busassun wurare da yawa, ba ko ɗaya mai kifi. Sai ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ya kawo shi, a kwashe ruwan tafkin Dankure da injinan ban-ruwa.

Labbo ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce yaro ya sha rana a hanya. Mujtaba ya bari ya gama, sannan ya ce akwai kuma wani mutum a cikin labarin, mai gadin ruwan, wanda ke tsaye da sanda a bakin rijiya ta ƙarshe yana korar jama'a. Fim ɗin duka a kansa yake juyawa.

"Na duba 'yan wasa har Sakkwato, Kawu, ban ga mai huskar ba sai kai."

Dariyar ta tsaya. Labbo ya gyara zama, ya shafa gemu, ya tambaya ko wa zai biya kuɗin injina da mai, tambayar da ke nuna mutum ya riga ya yarda. Mujtaba ya ce nan ma Allah ya kawo sauƙi. Alhaji Tamba na Ambursa, babban manomin shinkafar rani, ya ce zai ba da injinansa kyauta har da man, don a taimaki yaro ɗan jiha. Asiya, wadda ke tankaɗe a bakin ɗaki, ta ɗago kai.

"Tamban da nis sani? Wanda ko tiyo ba shi ba maƙwabci aro?"

Labbo ya riga ya shiga lissafi a zuci, irin lissafin da mutum ke yi bayan ya gama yanke shawara. Ba za a taɓa gurbin iyaye ba. Kifin da aka kwasa gari ne zai ci. Cikowa kuwa ba abin damuwa ba ce, don shekarun nan gulbi har gidaje yake rusawa saboda yawa. Da ya kai maganar gaban maigari, tsohon ya saurare shi tsaf, ya ce ba zai hana mutum abin da ke hannunsa ba, amma kowa ya shaida, tsintar kifi a laka ba ita ce su ba, za a lissafa wannan shekara a matsayin ta farko da tafki bai ciyar da gari ba. Labbo ya ce ya ji ya yarda, da murya mai ƙarfi, don mutane na kallo.

Injinan suka iso a bayan akori-kura, aka jera su a gaɓa, aka zura tiyo. Ƙararsu ta hana kowa jin maganar ɗan'uwansa. Ruwan da aka tara tun damina aka yi ta watsa shi cikin fadama, ƙasa na shanyewa. A hankali bado ya kwanta, tsofaffin turakun da kakanni suka kafa suka bayyana, sannan bayan kifi ya fara fitowa. Gari ya shiga da kwanduna da buhuna aka yi ta kwasar gargaza da tarwaɗa da kurungu, mata suka hura wutar banda a kowane gida. An ci kifi a makon nan har yara suka fara ture kwano. Amma Mujtaba ya roƙa a bar masa na tsakiya, ya ce kyamara na so, aka bar su suna birgima har suka daina. Da rana ta dafa su sai wari ya tashi, irin wanda ke bin mutum har cikin masallaci. Shirwa da ungulu suka sauka, mai kyamara ya yi murna ya ce waɗannan 'yan wasa ne da ba sa neman sallama.

Sauran kuwa duk suna nema. An yi hayar kyamarar daga Kano tare da mai riƙe ta, kuma kowace fitowar rana kuɗi ce, ko an ɗauka ko ba a ɗauka ba. Ga abincin 'yan wasa, ga man janareta, ga tsummokaran da aka ɗinka aka kuma yayyaga don su yi kama da na wahala. Mujtaba ya sayar da babur ɗinsa tun kafin laka ta gama darewa. Hamida ta kai awakinta kasuwar Argungu kashi-kashi, har garken ya koma uwa ɗaya da 'yarta. Ba ta yi ƙorafi ba, cewa take idan fim ya fito ɗanta zai mayar mata da shanu.

Labbo ma ya ba su wahala. Maganarsa a fim ɗin ba ta da yawa, babbarta ita ce inda wata tsohuwa za ta miƙo kwano, shi kuma ya gitta sanda ya ce, "Ruwan ga da mai shi." Sai ya buɗe baki dariya ta ƙwace masa. Tun da aka haife shi bai taɓa hana ko kare shan ruwa ba, maganar ta ƙi zama a bakinsa. Mujtaba ya ce ya tuno wani da ya tsana, ya yi ta tunani bai samo kowa ba. Aka ɗage wannan fitowa zuwa ƙarshe.

Ranar da aka tashi ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama ce abin ya lalace. Suka taru a kan allon da ke nuna hoton suna kallo. Ga laka ta tsattsage har iyakar gani, ga kwale-kwale a kife, ga layin mutane da jarkoki, komai ya yi yadda ake so. Sai daga gabas ga gurbin iyaye cike da ruwa yana walƙiya, har ana ganin kifi na juyi. Duk ta inda aka juya jirgin sai ya fito. Mai kyamara ya ce za a iya goge shi da kwamfuta, ya faɗi kuɗin, Mujtaba ya zauna a ƙasa. Ya ce ba fim ke nan, wa zai yarda duniya ta ƙafe alhali ga ruwa yana gani? Ya ce ya talauta uwarsa a banza. Bai roƙi kawunsa komai ba, kuka kawai ya yi, kukan babban mutum mai gemu, a gaban baƙi.

Labbo ya san amfanin gurbin, kada wani ya ce bai sani ba. Ubansa ya gaya masa an bar shi ne saboda shekarar da gulbi zai yi rowa, iyayen da ke ciki su hayayyafa su cika tafkin da kansu. Amma rabon da a ga irin wannan shekara tun yana saurayi. Ya dubi ɗan ƙanwarsa, ya dubi mutanen da suka zuba masa ido kamar ranar su, ya tuna kuma har yanzu ba a ɗauki babbar fitowarsa ba. Ya tashi ya kama bakin tiyo da hannunsa, ya ja shi cikin laka har gabas, ya jefa a gurbin. Ya ce a tayar da inji.

Abin da ya fito daga ramin nan ba wanda ke raye a garin ya taɓa ganin irinsa. Tarwaɗa masu kai kamar akushi, balli masu tsawon mutum, da wani giwan ruwa da sai da ƙarti suka taru kafin su juya shi. Cikin wasunsu cike da ƙwai. Mutane suka tsaya a gaɓa, ba wanda ya fara shiga, sai da yunwar gobe ta tuna musu da kanta. Labbo bai ci ko tsoka ɗaya ba, ya ce wa Asiya cikinsa ne ba daɗi. Baƙin ciki ne, kuma ta sani. Washegari aka tsayar da shi da sanda, tsohuwar ta miƙo kwano, ya gitta sandar ya faɗi maganar sau ɗaya da wata fuska da shi kansa bai san yana da ita ba. Mai kyamara ya ce ba sai an sake ba.

An yi watanni ana tace fim ɗin. Ana gab da damina Mujtaba ya aiko cewa za a nuna shi a wani ɗakin taro a Birnin Kebbi bayan la'asar, kwana uku a jere, kuma daga kuɗin ƙofa za a fitar wa kowa haƙƙinsa. Labbo ya sa rigar sallarsa, ya hau mota daga Argungu, ya shiga Keke Napep har ƙofar wurin. Ya tarar an jera kujerun haya reras, an toshe tagogi da baƙin yadi, janareta na ruri. Ya zauna ya jira jama'a. Aka ɗan jinkirta ko za su ƙaru, aka sake jinkirtawa, daga baya aka kashe fitila a kan mutanen da ba su cika layi uku ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wani daga cikin masu tacewar ya riga ya fitar da fim ɗin, masu tura fina-finai a waya na bakin kasuwa sun kwana biyu suna zuba wa mutane shi a kuɗin da bai kai na ƙullin gyaɗa ba. Waɗanda ba su gani ba kuma suka tambaya ko akwai waƙa da rawa, aka ce babu, suka ce to ƙishirwa da layi ai suna da su a gida, ba sai sun biya ba. Masu mayar da kujeru sun fi 'yan kallo yawa.

Fim ɗin kuwa ya yi kyau, wannan ita ce masifar. Da aka nuno tafkin daga sama, Labbo ya ji kamar gawar wani nasa aka buɗe masa. Wani ma'aikaci da ke kusa da shi ya taɓo shi, bai gane shi ba a cikin duhu.

"Malam, dibi yadda yaran ga sunka haɗa kihin ga da kwamhuta. Sai ka rantse na gaske na."

Labbo ya ce ƙwarai kuwa.

Mutum ɗaya ne bai fasa zuwa ba duk kwanakin, Alhaji Tamba. Yakan sayi tikitinsa da kuɗinsa, ya zauna a gaba, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. A rana ta ƙarshe, bayan an watse, ya roƙi Mujtaba ya mayar masa da wurin nan na sama ya tsayar. Ya matsa kusa da allon ya daɗe yana kallon baƙar lakar nan shimfiɗe ba tudu ba kwari, ya ce Allah ya yi wa yaro albarka, aiki ya yi kyau. Labbo har ya ji daɗi a ransa, ya ce ashe Asiya zaluntar bawan Allah ta yi.

Da aka biya ɗakin taro da kujeru da man janareta, Mujtaba ya ja kawunsa gefe ya danƙa masa abin da ya rage, idonsa a ƙasa. Bai kai kuɗin motar komawa Argungu ba, sai da Labbo ya cika da canjin da Asiya ta ƙulle masa a bakin aljihu. Mai kyamara na ta bugo waya daga Kano yana neman cikon kuɗinsa. Ba a yi wata guda ba Mujtaba ya tattara ya tafi Kaduna ɗaukar bidiyon biki a ƙarƙashin wani, ya daina kiran gida saboda kunya.

Suna kam Labbo ya samu. Ba wayar da babu fim ɗin daga Augie har Birnin Kebbi. In ya shiga kasuwar Argungu sai 'yan acaba su gitta masa hannu su ce, "Ruwan ga da mai shi," a fashe da dariya. Mai shayi ya ƙi karɓar kuɗinsa, 'yan mata suka ɗauki hoto da shi. Gaskiya ita ce ya ji daɗin abin, har yakan ɗaure fuska ya maimaita musu in sun roƙa. Asiya ta ce to a kawo sunan ta zuba a tukunya.

Damina ta sauka, ruwan sama bai yi laifi ba, amma gulbi ya yi rowa. Kullum da safe Labbo na bakin 'yar ƙoramar da ke shigo da cikowa cikin tafkin, ya kafa kara a gaɓa yana duba tashin ruwa. Ruwan ya hau, ya hau, ya zo har leɓen ƙoramar ya tsaya. Wasu suka ce jingar da manoman shinkafa suka yi ta tayarwa daga sama ce ta karkatar da shi, wasu suka ce haka Allah ya so. Ya ɗauki fartanya ya yi ta yasar bakin ƙoramar shi kaɗai har tafin hannunsa ya fashe, ruwan ya ja da baya ya bar shi.

Tafkin ya cika da ruwan sama, ga wanda bai sani ba sai ya ce lafiya lau. Bado ya dawo, awaki suka dawo, mata suka dawo wanki. Labbo ya sa doka kamar kullum. Amma yakan zauna da hantsi yana jiran ya ga ruwa ya motsa, ba abin da ke motsi sai kwaɗi, kuma zalɓe ko ɗaya bai sauka ba a shekarar. Tsoro ya kama shi sosai. Ya karɓi jarin ƙuli-ƙulin Asiya ya je Birnin Kebbi ya sayo 'ya'yan tarwaɗa na gidan gona a cikin jarka, rabinsu suka mutu a mota, ya zuba sauran da asuba kada a gan shi. Abin da jarka za ta ɗauka ba ya cika tafki, shi ma ya sani.

Da bazara ta zo ya yi ta jan ƙafa, har maigari ya aiko a tuna masa. Ya kira su. Aka buga ganga, maza suka jeru da homa da gora, ya tsaya a inda ya saba tsayawa. A karon farko a rayuwarsa bai ja lokaci ba, ya ɗaga hannu don a gama. Suka faɗa ruwa da ihu, suka ratsa tafkin daga yamma zuwa gabas, suka juyo. Ihun ya yi ta raguwa har ba ka jin komai sai fantsamar ruwa. Wani ya ce a shiga gurbin, tunda ba sauran abin da ake karewa, aka shiga aka fito da laka. Duk abin da gari ya kama aka zuba a kwando ɗaya bai rufe gindinsa ba, 'yan tarwaɗar gidan gona ne masu kaurin yatsa.

Al'ada ce maigari ya yi tambaya a bainar jama'a, mai riƙo ya amsa da bakinsa. Tsohon bai ji daɗin yinta ba, an ga haka a fuskarsa.

"Labbo jikan Dankure, tabki ya ciyar da gari?"

Labbo ya dubi kwandon. Da ya ce ya ciyar, wataƙila da wasu sun yi shiru don kunyar kakansa. Amma ga yara tsaye da kwanoni wayam.

"Bai ciyar ba, ranka shi daɗe."

Alhaji Tamba bai zo wurin ba, ba ya cikin masu irin wannan garaje. Sai da aka kwana biyu ya aiko wa maigari gaisuwa mai nauyi, maigari ya ba shi filin tafkin tunda ya koma ƙasa, kuma da rani ya zagayo injinan nan suka dawo a bayan akori-kurar nan. Wannan karon ba a sha wahala ba, an riga an san inda ake jefa tiyo. Aka tayar da jinga aka toshe ƙoramar, aka yanka tafkin fangali-fangali, aka dasa shinkafa. Gurbin iyaye kaɗai aka bari, aka ƙara yashe shi ya zama matarar da injina ke ja. Shi ne ruwan da ya rage a wannan gefen gari, gulbi kuwa da tafiya.

Tamba da kansa ya zo har gida ya yi wa Labbo tayin gadi. Ya ce ba wanda ya san wurin kamarsa, kuma fuskarsa kowa ya san ta. Rumbu ya yi ƙasa, jarin Asiya ya tafi a jarka, Labbo ya karɓa. Sharaɗin ɗaya ne, kada dabba ko mai wanki su kusanci ruwan, don awaki na rusa fangali suna cin dashe, sabulu kuma na ɓata shuka. A makon farko ya yi ta kau da kai, mutane na ɗiba suna wucewa. Tamba ya zo ya ga sawun kofato a kan jinga, bai ɗaga murya ba, ya ce in ya sake gani akwai wani Bazabarme da ke neman aikin.

Ranar da Hamida ta zo, rana ta take, motar Tamba na tsaye a ƙarƙashin gawo can gefen gona, shi kuma yana kan jinga yana duba shuka. Ta taho da akuyarta da 'yar, ta riƙe igiya, ta biyo hanyar da take bi tun tana yarinya zuwa ruwan ubanta. Ta rame tun tafiyar ɗanta. Awakin suka ji ƙanshin ruwa suka fara janta. Labbo ya taso daga inuwar injin ya tsaya a gabanta, ya gitta sanda.

"Ruwan ga da mai shi."

Hamida ta yi dariya, dariyar da ya daɗe bai ji daga bakinta ba, har ta tafa hannu.

"Kai Yaya, har yanzu kana iyawa. Da Mujtaba na nan da ya ji daɗi. Kauce su sha, tun sahe ba su ga ruwa ba."

Ta matsa za ta wuce ta gefensa. Ya matsa shi ma. Ya so ya ce mata ta dawo in motar ta tafi, ya so ya ce ta yafe masa, amma Tamba ya juyo yana kallo, kuma ba wata magana da ta zo bakinsa sai wadda aka koya masa. Ya sake faɗinta, a hankali.

Ta ɗaga kai ta dube shi. Ta san fuskar, ta gan ta a wayar maƙwabta ba sau ɗaya ba. Dariyar ta bushe a bakinta. Ta naɗe igiyar a hannu ta fizgi akuyar, wadda ta turje tana kuka tana waiwayen ruwan, 'yar na bin ta a baya. Suka kama hanyar gulbi cikin rana.

Labbo ya tsaya da sandarsa har suka ɓace bayan gonakin albasa. Sannan ya ji injin na tari, ya je ya ƙara masa mai.